Fentin Tagogin Katako Masu Zamewa a Tsofaffin Gidajen Birtaniya: Yadda Ake Yi da Hannu da Lokacin da Ya Kamata a Kira Mai Fenti

Duk wanda ya zauna a tsofaffin unguwannin Landan, Manchesta, Bath ko Edinbara ya san irin tagar nan ta katako mai ganye biyu, wadda ba a tura ta waje ko a jawo ta ciki, sai dai a ɗaga ganyen ƙasa ya zame sama, ko a jawo na sama ya zame ƙasa. Idan fentinta ya fara tsagewa yana ɓarewa, tambayar da ke fara zuwa wa mai gida ita ce ko ya sayi gwangwani da buroshi ya yi da kansa, ko kuwa ya ba mai sana'ar. Mutane da yawa suna auna amsar da iya riƙe buroshi, alhali shafa fenti shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci, wato ruɓar katako, dalmar da ke cikin tsohon fenti, da nisan tagar daga ƙasa, kuma tun da waɗannan sukan bambanta daga taga zuwa taga a gida ɗaya, kowace taga hukuncinta daban.

Sanin tagar kafin a taɓa ta

Wannan taga ta bayyana a Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, kuma ta mamaye gine-ginen ƙasar har zuwa farkon ƙarni na 20. Kowane ganye yana rataye ne da igiyoyi biyu, kowace igiya ta bi ta kan 'yar tayar ƙarfe da ke saman firam, ta sauka cikin wani rami da aka ɓoye a gefen firam ɗin, inda aka ɗaure ta da dogon ƙarfe mai nauyi, na zubi ko na dalma. Nauyin ƙarafan nan biyu ya yi daidai da na ganyen, shi ya sa taga mai lafiya take tsayawa a duk inda aka sake ta. Akwai kuma siraran katakai iri biyu da suke tsare ganyayen a kan hanyarsu: ɗaya yana tokare ganyen ƙasa daga cikin ɗaki, ɗayan kuma yana zaune a cikin tsagi tsakanin ganyayen biyu don kada su gogi juna. A nan za mu riƙa kiran na farko matokari, na biyu kuma marabi.

Siffar taga takan nuna shekarunta, kuma shekarun suna da amfani ga mai fenti. Dokar gini ta Landan ta 1709 ta tilasta a tura firam ciki da inci 4 daga fuskar bango saboda tsoron gobara, ta 1774 kuma ta ce a ɓoye ramin ƙarafan a bayan bulo, don haka firam mai faɗi da ke daidai da fuskar bango yakan nuna tsohon salo. Ganye mai ƙananan gilasai shida a sama da shida a ƙasa salon zamanin sarakunan da ake kira Joj ne. Bayan an soke harajin gilashi a 1845, manyan gilasai suka yi araha, aka koma biyu sama biyu ƙasa ko ma ɗaya-ɗaya, aka kuma ƙara wa ganyen sama wasu 'yan ƙahoni a kusurwoyinsa na ƙasa don su ƙarfafa mahaɗar da gilashi mai nauyi ke dannewa. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, katakon da ke hannunka sau da yawa na itacen fain ne da ya girma a hankali a ƙasashen da ke kewaye da tekun Baltik, mai tauri da matsattsen jiki wanda samun irinsa a kasuwar yau yake da wuya, kuma gilashin, idan na asali ne mai ɗan lanƙwasa hoton abin da ke waje, siriri ne ƙwarai, ƙaramin zafi ko matsi yana fasa shi.

Mataki na farko: izini

Ɗan haya ba ya taɓa taga sai da rubutaccen izinin mai gida, kuma gyaran waje dama haƙƙin mai gidan ne. Wanda ya sayi sashe a cikin babban gini bisa yarjejeniyar shekaru, ya duba takardarsa, domin sau da yawa fentin waje yana hannun mamallakin ginin ko kamfanin da ke kula da shi. Idan kuma gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, waɗanda a Ingila aka kasa su daraja ta I, II* da II, a Sikotilan kuma A, B da C, to sake shafa launin da yake a kai ba ya yawan buƙatar izini, amma canza launi, sauya gilashi ko cire ganye a sa sabo yana iya buƙata, kuma yin aikin da ke buƙatar izini ba tare da shi ba laifi ne a gaban kotu. Wasu unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu ma suna da ƙarin sharuɗɗa a kan launin waje. Saƙo ɗaya zuwa ga jami'in adana gine-gine na ƙaramar hukuma ya isa ya warware wannan.

Mataki na biyu: bincike

Ka ɗauki sukurudireba mai siririn baki, ka zagaya tagogin ɗaya bayan ɗaya a ranar da babu ruwa, kana danna bakinsa a wuraren da ruwa ke kwanciya: dakalin taga na waje, musamman inda ya haɗu da ƙafafun firam, da katakon ƙasa na ganyen ƙasa, da kusurwoyin da katako biyu suka haɗu. Katako mai lafiya yana turjewa. Idan bakin ƙarfen ya nutse kaɗan sannan ya ci karo da tauri, ruɓar ta sama ce, kuma mai gida zai iya kankare ta ya cike gurbin. Idan kuwa ya shige ba tare da wata turjiya ba, ko kuma kusurwar ganye tana motsi idan ka girgiza ta, wannan aikin kafinta ne, wanda zai yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon katako. Yana da kyau a lura cewa ba kowane mai fenti ba ne kafinta, kuma wanda ya cusa maganin cike rami a cikin ruɓaɓɓen katako ya shafe da fari ya ɓoye cutar ne kawai na damina ɗaya ko biyu. Tagogin da ke fuskantar kudu da yamma su suka fi shan rana da ruwan da iska ke korowa, saboda haka a can za ka fi samun ɓarna, yayin da na arewa sukan fi fama da gansakuka.

Batun dalma ya cancanci a tsaya a kansa. Har zuwa shekarun 1960 ana yawan zuba dalma a fentin katako a Birtaniya, kuma sai a 1992 aka haramta sayar wa jama'a irin wannan fenti. Tagar da ta haura shekara ɗari tana ɗauke da shafi a kan shafi, kuma kusan tabbas na can ƙasa yana da dalma. Muddin yana lulluɓe da lafiyayyen fenti ba ya cutarwa sosai. Haɗarin yana tasowa ne idan aka goge shi a bushe ya zama ƙura, ko aka ƙona shi ya zama hayaƙi. Mai karatun Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ƙurar dalma ke yi, domin ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yawan da ke cikin fenti bai kai na can ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, kuma ƙananan yara da masu juna biyu su ne suka fi cutuwa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma. Shagunan kayan gini suna sayar da ɗan abin gwaji mai canza launi idan ya taɓa dalma. Sai ka yanka fentin da wuƙa a karkace har ka isa katako, yadda kowane shafi zai bayyana, sannan ka gwada, domin gwada saman kawai ba ya nuna komai. A ganina, gidan da ke da jariri ko mai ciki, kuma gwaji ya nuna dalma a fentin da ya riga ya farfashe har sai an kankare shi duka, bai kamata mai gida ya koyi aiki a kansa ba.

Na uku shi ne tsawo. Tagar ƙasa ana yin ta a tsaye ko a kan ɗan benci. Tagar bene kuwa tana buƙatar hannu biyu na tsawon sa'o'i, alhali tsani yana buƙatar a riƙe shi, kuma hukumar HSE mai kula da kariya a wuraren aiki tana ɗaukar tsani a matsayin abin aikin da bai wuce kamar minti 30 ba, a jingine shi yadda duk tsawon mita 4 gindinsa zai nisanci bango da mita 1. Gidajen jere na zamanin Sarauniya Biktoriya kuma sukan ƙara wahala da ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gabansu da shingen ƙarfe mai tsini. Cire ganyaye a shigo da su ɗaki yana rage yawan aikin sama, amma firam da dakali suna nan a waje, kuma su suka fi buƙatar kulawa.

Idan ka gama zagayen, za ka ga tagogin sun rabu da kansu. Shawarar da ta fi dacewa ga mafi yawan gidaje ita ce a raba aikin: mai gida ya ɗauki cikin ɗaki da tagogin ƙasa masu lafiyayyen katako, ya bar wa masu sana'a na sama da masu ruɓa. Kafin ka ɗauki alkawarin ko da rabin, ka fara da taga ɗaya ta bayan gida wadda ba kowa ke ganinta ba, ka kai ta ƙarshe, sannan ka ninka lokacin da ta ci da yawan sauran.

Mataki na uku: lokaci da kayan aiki

Fentin waje a Birtaniya aikin tsakanin watan Mayu da Satumba ne. Yawancin gwangwanaye suna neman zafin da bai gaza digiri 10 ba, da katako busasshe, kuma ɗan awon danshi mai allura biyu ba shi da tsada; idan ya nuna sama da kashi 18 cikin ɗari, a jira. Kada a shafa a cikin rana tsaka tana dukan katakon, kada kuma a shafa da yamma lis, domin raɓa tana kashe ƙyallin fentin da bai bushe ba.

Kayan da ake buƙata su ne makankari mai kaifi, wuƙar foti (ƙullin da ke riƙe gilashi), kurfi mai faɗi, samfefa irin wadda ake jiƙawa mai kaushi da mai laushi, buroshi mai tsinin baki na inci 1 da wani na inci 2, ledar shimfiɗa, takunkumi mai lamba FFP3, safar hannu, da guntun kyandir. A wajen fenti, zaɓi uku ne. Mai haɗin ruwa yana bushewa cikin 'yan sa'o'i, ba ya wari sosai, farinsa ba ya komawa rawaya, amma yana nuna sawun buroshi kuma ganyaye sukan manne da shi idan aka rufe da wuri. Mai haɗin mai yana kwanciya sumul, sai dai yakan nemi kamar sa'a 16 tsakanin shafi da shafi, kuma tun da aka tsaurara dokar rage sinadaran da ke tashi cikin iska a 2010, farinsa ya fi saurin yin rawaya a ɗakin da ba ya samun haske. Na uku shi ne fentin man linsid (man da ake tatsa daga irin wani tsiro), irin na dā amma ba dalma, wanda yake shiga jikin katako kuma ba ya ɓarewa, amma yana son katako tsirara, shafi siriri ƙwarai, da haƙuri mai yawa. Ko wanne ka zaɓa, ka sayi na share fage, na tsakiya da na gamawa daga kamfani ɗaya.

Mataki na huɗu: cire ganyaye

Ana iya fentin taga tana a wurinta, amma idan ta manne, ko igiya ta tsinke, ko ana son aikin da zai daɗe, gara a cire. Ka bi layin da matokari ya haɗu da firam da wuƙa mai kaifi don ka yanke fentin, sannan ka cusa kurfi a tsakiyar tsawonsa, ba a ƙarshe ba, ka ɗaga a hankali har ya lanƙwaso ya fito daga kusurwoyinsa. Ganyen ƙasa zai taho hannunka yana rataye da igiyoyinsa. Ka ɓamɓare ƙusoshin da suka riƙe kowace igiya a tsagin gefen ganyen, kana riƙe da ita gam, sannan ka ƙulla mata babban ƙulli ka sake ta a hankali har ƙullin ya tsaya a bakin tayar; idan ta kuɓuce, ƙarfen zai faɗa cikin raminsa da ƙarfin da zai iya tsaga katako. Daga nan sai ka zaro marabi daga tsaginsa. Yakan karye, kuma wannan ba abin damuwa ba ne, domin ana sayar da sabo da araha, har da mai ɗauke da ɗan gashin da ke tare iska. Sai ganyen sama ya fito ta hanya ɗaya. Ka rubuta wa kowane yanki alama da fensir a wurin da fenti ba zai rufe ba. Babban ganye na mutum biyu ne, kuma ka tanadi falankin da za ka toshe tagar da shi da dare. Tun da komai a buɗe yake, wannan ne lokacin sauya igiyoyi duka huɗu ta 'yar ƙofar da ke ƙasan kowane gefen firam.

Mataki na biyar: shiri

A nan ne mafi yawan lokaci yake tafiya, kuma a nan ake gane aikin kirki. Ka fitar da labule da darduma, ka shimfiɗa leda, ka rufe ƙofar ɗakin, ka hana yara shiga, kada kuma ka ci ko ka sha a wurin. Ka wanke katakon da sabulun wanke bango irin na masu fenti, ka ɗauraye, ka bari ya bushe.

Ba dole ba ne a kankare komai. Fentin da ya kama gam ana barinsa, a goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa har ƙyallinsa ya mutu, a kuma lallashe bakin wuraren da suka ɓare yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Ana zuwa har katako ne a inda fentin ya tsattsage, ko ya yi kaurin da ya cike ƙawar sassaƙar, ko yake hana ganye tafiya. Idan akwai dalma, ba a amfani da injin guga, ba a kuma kusantar da wutar gas. Abin da ya rage shi ne maganin narkar da fenti, ko na'urar hura zafi da aka saita ƙasa da digiri 450, ko na'urar da ke ɗumama fenti da haske. Kusa da gilashi a bar zafi gaba ɗaya, ko a kare gilashin da faranti. Maganin da ke da soda mai ƙarfi yana baƙanta katakon oak, wanda sau da yawa da shi aka yi dakali, kuma yana buƙatar a kashe kaifinsa kafin fenti, saboda haka a karanta jikin gwangwani. Tarkacen a tattara shi yana jiƙe, a ƙulle a leda biyu, a tambayi ƙaramar hukuma inda ake kai shi, a kuma wanke kayan aikin daban da na iyali.

Ƙaramar ruɓa ana kankare ta har a isa katako mai tauri, a bari ya bushe, a cike da maganin nan mai haɗi biyu da aka yi don katakon waje, domin yana ɗan miƙewa tare da katako; na cike bangon ɗaki yana faɗowa a sanyin farko. Idanun katako a shafe su da maganin da ke hana ƙaro tsattsafowa. Akwai wani ɗan tsagi a ƙarƙashin bakin dakalin waje wanda mutane da yawa ba su san da shi ba: ka sunkuya ka leƙa, za ka same shi cike da tsohon fenti. Aikinsa shi ne ya sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ƙarƙashin dakali ya koma bango, don haka a tone shi tas.

Sai foti, wato ƙullin alli da man linsid da ke riƙe gilashi daga waje. Wanda ya tsage ko ya saki a ciro shi da bakin wuƙa, wanda ya kama kuwa a bar shi, domin yaƙi da shi ne yake fasa tsohon gilashi. A shafa fentin share fage a gurbin, in ba haka ba busasshen katako zai tsotse man fotin ya bar shi yana marmashewa. Ka murza fotin a tafin hannu har ya yi laushi ya daina mannewa, ka dinga danna shi da babban yatsa, sannan ka ja wuƙa sau ɗaya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, kana tsayar da bakinsa ɗan ƙasa kaɗan da layin katakon ciki don kada a hango shi daga ɗaki. Yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya yi fatar da za ta karɓi fenti, kuma a wannan tsakanin ƙananan tsuntsaye sukan zo su caccake shi saboda man, don haka a riƙa dubawa.

Mataki na shida: shafi

Katako tsirara yana karɓar fentin share fage, sai na tsakiya, sai na gamawa, a waje sau biyu, ana goga sama-sama da samfefa mai laushi tsakanin kowane shafi. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, musamman a tagar da tazarar tafiyarta 'yan milimita ce.

Idan ganyayen suna wurinsu, tsarin yana da muhimmanci. Ka ɗaga na ƙasa sama, ka jawo na sama ƙasa har su wuce juna, yadda ƙasan ganyen sama zai bayyana, wurin da kullum yake ɓoye. Ka shafe katakonsa na ƙasa har da ƙarƙashinsa, da iyakar abin da hannu ya kai na tsaye. Sannan ka mayar da kowanne kusa da mazauninsa, ka bar 'yar tazara sama da ƙasa, ka ƙarasa na sama, ka yi na ƙasa, sai firam, dakali a ƙarshe. A kowane ganye ana fara da siraran sandunan da ke raba gilasai, sai katakan kwance, sai na tsaye. Ƙarƙashin ganyen ƙasa, wanda ba a gani, dole ya sha fenti, domin ta nan yake shan ruwa.

A waje, fentin ya hau kan gilashi da milimita 1 zuwa 2 bayan bakin foti. Wannan ɗan layi shi ne yake hana ruwa shiga tsakanin gilashi da foti, kuma wanda ya bi shi da reza ya kankare don tsabta ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Igiya da taya ba a shafa musu fenti, haka ma gefen ganye da hanyar da yake gogawa; waɗannan ana goga musu kyandir ne. Yayin bushewa a riƙa motsa ganyayen lokaci-lokaci, kada kuma a kulle tagar da ƙarfi sai fentin ya yi tauri. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, saboda haka a jiƙa shi a ruwa ko a shanya shi a buɗe a waje.

Idan za a kira mai fenti

Ka nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kuma ka ba su bayani iri ɗaya don ka iya kwatantawa. Takardar da ta ce fentin tagogi kaza kuɗi kaza ba ta faɗi komai ba. Ta kirki tana bayyana ko za a cire ganyaye, yadda za a yi da dalma, nawa za a kankare, wa zai gyara foti da igiya, sunan fentin da yawan shafi, da abin da zai faru idan aka tarar da ruɓa bayan an buɗe. Wannan na ƙarshe shi ne tushen yawancin rigima, don haka a amince tun farko cewa ba za a ƙara aiki ba sai an nuna maka wurin an faɗi kuɗinsa. Jinga ta fi kuɗin yini kwanciyar hankali ga fentin kansa, amma gyaran katako ya fi dacewa a yi wa kowane wuri farashinsa daban. Ka tambaya ko an haɗa harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, domin ƙananan masu sana'a da yawa ba sa cikin rajistarsa, kuma wannan kaɗai yana iya bayyana bambancin ƙiyasi biyu.

Ka ga takardar inshorar da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani, ka duba ko yana cikin ƙungiyar Painting and Decorating Association ko tsarin TrustMark da gwamnati ta amince da shi, ko da yake rashin shiga ba ya nufin rashin iyawa. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ya nuna maka tagogin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, domin sabon fenti kowa nasa yana kyau. Idan aikin yana buƙatar dandamalin ƙarfe irin na magina, a san wanda zai biya, a kuma tuna cewa kafa shi a kan hanyar masu tafiya da ƙafa yana buƙatar lasisin ƙaramar hukuma. Tun da an kafa, a yi amfani da shi a duba indararo da bakin rufi. Dokar aiki a sama ta 2005 da ta dalma a wurin aiki ta 2002 suna kan mai sana'ar, kuma wanda ya yi dariya da aka ambaci dalma ya riga ya ba ka amsa.

Kafin alƙalami ya zama kaɗan, na sayen kaya, sauran kuma a biya kashi-kashi. Ka nemi ganin tagogin bayan an gama shiri kafin shafin farko, domin bayan nan ba ka da hanyar sanin abin da ke ƙasa. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta wajabta wa mai sana'a yin aiki da kulawa da ƙwarewa, ta kuma ba ka damar neman ya sake ko ya rage kuɗi, amma dubawa kafin biyan ƙarshe ya fi sauƙi. Ka ɗaga kowane ganye ka sauke, na sama da na ƙasa, ka tabbatar yana tsayawa inda ka sake shi, ka duba igiya ba ta sha fenti ba, makulli yana kamawa, layin fenti ya hau gilashi, ka kuma shafa ƙarƙashin ganyen ƙasa da tsagin dakali da yatsa. Ka karɓi ragowar fentin da sunan launinsa, domin ko wa ya yi aikin, za a riƙa wanke tagogin ana toshe ƙananan tsaga kowace bazara, kuma na kudu da yamma za su nemi sabon shafi bayan kamar shekara biyar zuwa takwas.